Gida Mai Taya: Abin Lura Kafin A Zuba Kuɗi

'Yan'uwanmu mazauna Jamus da Italiya da Holan sun daɗe suna aiko mana da motoci ta tashar jiragen ruwa ta Tema, har ma ba a rasa 207 ko Sprinter a kowane Zango na ƙasar nan. To, amma a cikin irin motocin da ake tallata masu a can akwai wata iri dabam, wadda ke da gado da murhu da famfo da makewayi duk a cikinta. Mu kira ta mota mai ɗaki. Akwai kuma ƙanwarta, wato ɗaki mai taya wanda ba shi da inji, sai an ɗaura shi a bayan wata mota an ja. Turawa na kiran wannan karaban, kalmar da asalinta ayari take nufi. Mu kuwa jikokin fataken goro ne da suka yi ta zirga-zirga zuwa Salaga, sunan unguwarmu ma daga masaukin ayari ya samo asali, don haka kwana a hanya ba baƙon abu ba ne gare mu.

Ɗan kwangilar da ke aiki a daji, da masu ɗaukar fim, da ƙungiyar da ke kai magani ƙauyuka, da wanda ya dawo gida bayan shekaru a Turai yana son zaga dangi, duk suna iya ganin amfaninta. Sai dai kuɗinta ba na wasa ba ne, kuma guminsa mutum zai zuba. Shi ya sa muka ga ya dace mu baje wa mai karatu abubuwan da ya kamata ya auna tukuna.

Iri uku ne

Ta farko ita ce ƙaramar bas da aka gyara cikinta, bodinta na ƙarfe yana nan yadda kamfani ya ƙera shi. Irin wadda kamfanin Westfalia ya yi suna da ita a kan Volkswagen ke nan. Ta biyu ita ce wadda aka bar kan mota da shasi, aka gina farin akwati a baya, sau da yawa da gado a saman kan direba. Kamfanoni irin su Hymer da Knaus da Dethleffs ke yin wannan. Ta uku ita ce karaban.

Bari mu fara sallamar ta ukun. An yi karaban ne domin shimfiɗaɗɗiyar kwalta da filayen shaƙatawa na Turai. Jikinta ba nauyi, tayoyinta ƙanana ne, kayan katakon da ke cikinta kuwa ba sa jure girgiza. Wanda ya san tudun rage gudu da ramukan da ke kan hanyoyinmu na arewa ya san ba za ta yi ƙarko ba. Amma idan ajiye ta za a yi wuri guda, a gona ko wurin gini, ta zama ofis ko ɗakin maigadi, to wannan magana ce dabam, domin ita ta fi sauran araha.

Ƙarƙashi kafin labule

Mai sayarwa zai fara nuna maka kujeru masu laushi da labule. Kai ka fara da tambayar motar da aka gina ɗakin a kanta. Yawancin motoci masu ɗaki na Turai a kan Fiat Ducato aka gina su, wadda aka soma ƙerawa a 1981. Mota ce mai kyau, amma da tayoyin gaba take ja, nauyin ɗakin kuwa yana baya, saboda haka a taɓo ko hawan tudu mai tsakuwa sai tayoyin su yi ta juyawa a banza. Bugu da ƙari, kayan gyaranta ba su kai na Benz yawa a nan ba. Ita kuwa 207 da 'yan'uwanta, waɗanda aka yi daga 1977 zuwa 1995, da Sprinter da ta gaje su, yawancinsu da baya suke ja, kuma babu fitan da bai san cikinsu ba daga Suame Magazine a Kumasi har Abossey Okai a Akra. Toyota Hiace da Ford Transit su ma ba baƙi ba ne. Shawararmu ita ce kafin a biya ko kwabo, a je wajen masu sayar da kayan gyara a tambayi kuɗin kuloci da famfon mai da gilashin gaba na wannan samfurin. Idan aka ce sai an yi oda, to ka san inda ka dosa.

A kuma dubi tsawon abin da ya zarce tayar baya. Motocin akwati da yawa suna da dogon gindi, ga tankin ruwan datti a rataye a ƙasa. Kwata ɗaya mai zurfi ta isa ta fasa shi. Tsayinsu kuma yakan kai mita uku, don haka a auna ƙofar gida, a tuna da lungunan Nima da Aboabo da wayoyin lantarkin da ke lilo a kansu.

Danshi, babban maƙiyi

Injin da ya lalace ana iya canza shi, amma ɗakin da ruwa ya ci ba shi da magani mai araha. Bangon tsofaffin motocin akwati sirara ne: falle a waje, soso a tsakiya, da firam na katako. Da zarar ƙaron da ya liƙe bakin taga ko rufi ya tsage, ruwa zai riƙa shiga sannu a hankali yana ruɓar da katakon, alhali daga waje fes take. Wanda zai duba maka ya shiga da hancinsa tukuna, in ya ji warin rima, ya yi hattara. Ya danna bango a kusurwoyi da ƙarƙashin tagogi da cikin kabad na sama, ya taka daɓen ko'ina ya ji ko yana lotsawa. Akwai ɗan awon danshi da ake sayarwa ba tsada. In ya nuna sama da kashi 20 cikin ɗari, akwai magana. Ɗan yoyon da yayyafin Turai ya ɓoye, damina ɗaya a Kumasi za ta tona asirinsa. A nan ne bas mai bodin ƙarfe ta fi, ko da yake ita ma sai an leƙa ƙarƙashinta, saboda gishirin da ake watsa wa hanyoyi lokacin hunturu yana haddasa tsatsa.

Kada ƙarancin tafiyar da agogo ya nuna ya ruɗe ka. Irin waɗannan motoci wata biyu suke aiki a shekara, sauran a tsaye, kuma zama na kashe roba. A nemi shaidar ranar da aka canza bel ɗin inji. A karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefen taya: 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta bai goge ba, ba abin amincewa ba ce a kan kwalta mai zafi.

Lissafin nauyi

Yawancinsu an kayyade masu kilo 3,500 gaba ɗaya, domin iyakar abin da ƙaramin lasisin Turai ya yarda ke nan. Mu ɗauka motar da direbanta da manta sun kai kilo 3,050. Saura 450. Ruwa lita 100 kilo 100 ne. Fasinja uku, a ce 210. Tukunyar gas biyu, kamar 50. Abin da ya rage kilo 90 ne, bai kai buhu biyu na shinkafa ba. Wanda ke tunanin zai kwana a ciki kuma ya yi lodin albasa daga Bawku, ya sake tunani, domin sifirin da birki ba za su yafe masa ba. Lasisi a nan ma aji-aji ne bisa nauyi, sai a tambayi ofishin DVLA ajin da ya dace.

An yi ta don sanyi ne

Mai ƙera ta sanyi yake tsoro, mu kuwa zafi. Na'urar ɗumama ɗaki ba ta da amfani gare mu. Firijin da ke aiki da gas yakan kasa idan rana ta ƙwalle irin ta Tamale a watan Maris. Mai kwamfireso da ke aiki da batir ya fi, musamman in an haɗa shi da farantin hasken rana. Na'urar sanyaya ɗaki ta kan rufi ba ta aiki sai da lantarki ko janareto, don haka tagogi masu raga da fanka sun fi muhimmanci. Kan tukunyar gas na Jamus ba ɗaya ba ne da namu. Ƙwararre ne zai canza shi, ya kuma gwada ko akwai yoyo, domin a ɗakin nan za a kwana. Motocin Amurka kuwa lantarkinsu 120 ne, namu 230, ga shan fetur.

Takardu da kwastan

Tun ranar 4 ga Agusta 1974 Gana ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka a kauce wa mota mai sitiyari a dama, irin ta Ingila da Japan, komai arhar ta. Tun daga 2008 biranen Jamus irin su Balin da Kolon suka fara hana tsofaffin motocin dizal shiga tsakiyar gari, abin da ya sa wasu masu su ke neman rabuwa da su. Amma motar da ta haura shekara goma tana jawo tara a kwastan a kan kuɗin fito. Sababbin kuma, na wajen 2011 zuwa sama, suna da matatar hayaƙi a salansa wadda gurɓataccen mai ke toshewa, da yawa na bayan 2016 har da ruwan AdBlue suke buƙata. Tsakanin waɗannan biyu mai saye zai zaɓa, kuma wakilin fito ne zai yi masa lissafi kafin ciniki, ba bayansa ba.

Motar akwati ba ta shiga kwantena, sai jirgin da ake tuƙa mota a shiga, kuma da girma ake biya. A tabbata lambar shasi ta yi daidai da ta takarda, a kuma karɓi takardar mallaka ta asali. Mai niyyar ƙetarawa Togo ya nemi inshorar Brown Card ta ECOWAS.

Daga ƙarshe, ga abin da muke gani ya fi dacewa da yawancinmu: a sayi bas mai lafiya wadda fitocinmu suka sani, a ba kafinta da mai walda su sa gado da kabad da tanki daidai buƙata. Wanda kuma ya nace sai ginanniya, kada ya yi cinikin biri a sama da hoton waya. Ya tura ɗan'uwa amintacce tare da makanike su gani da idonsu, in an hana su dubawa, ya riƙe kuɗinsa. Allah ya sa mu dace, ya kai kowa gida lafiya.