Yajin Aikin Likitoci Da Malamin Asibitin Da Aka Manta

Ranar 1 ga Nuwamba 2025 ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, wato NARD, ta sake tsunduma yajin aiki. Daga Bodinga har Shagari a jihar Sakkwato, abin da na riƙa ji a majalisu guda ne: likitoci sun cika son kuɗi. An yi gaggawar yanke wannan hukunci. Likitocin nan su ne masu kwana a ɗakin gaggawa na manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga aiki ga karatu. Shekaru masu yawa, har ƙarshen 2021, naira 5,000 kacal ake ba su a wata a matsayin alawus na haɗari, ana Ebola, ana zazzaɓin Lassa, ana korona. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar zuwa bakwai. Duk wanda ya tafi, kayansa a kan wanda ya saura suke sauka.

Sai dai mutumin karkara irin na Danchadi yana da wata damuwar da ba ta shiga jarida. Idan zazzaɓi ya kayar da yaro, ko naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare, wanda ake fara ƙwanƙwasa wa ƙofa malamin asibiti ne ko ungozoma. Likita sai an kai Bodinga, in abin ya faskara a wuce Sakkwato, a bayan babur ko cikin motar kasuwa.

Wannan malamin yana da tarihi. Bayan taron Alma-Ata na 1978, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya kafe a kan cewa lafiyar talaka a ƙauyensa za a tsare ta: rigakafi, awon ciki, ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a 1986. Ginshiƙin tsarin nan ma'aikatan lafiya ne na matakin farko, irin waɗanda kwalejin kimiyyar lafiya ta Gwadabawa ke yayewa. Daga baya aka bar nauyinsu a wuyan ƙananan hukumomin da ko albashi da ƙyar suke biya.

Na taɓa kwana a wani ƙaramin asibitin ƙauye ina jinyar ɗan'uwa. Malami ɗaya ne. Shi ya rubuta kati, shi ya ɗaura ruwa da fitilar waya riƙe a haƙoransa, da asuba kuma shi ya share ɗaki. Da ya ga jinin mara lafiyan ya yi ƙasa ƙwarai, bai tsaya kame-kame ba, ya ce mu nemi mota yanzu-yanzu. Wannan maganar ce ta ceci yaron.

Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin irin waɗannan asibitoci. A Abuja, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya, Nijeriya ba ta taɓa kaiwa ba. Gwamnatin Sakkwato ta fito a 2025 da tsarin tura ma'aikatan lafiya karkara na shekara biyu, kuma niyya ce mai kyau. Amma takardar canjin wurin aiki ba ta zaunar da mutum inda babu gida, babu ruwa, babu magani a kanta, ga fargabar 'yan bindiga. Kansilan mazaɓa da kwamitin raya mazaɓa su shiga asibitinsu, su ƙirga ma'aikatan da ke zuwa da gaske, su tambayi nawa ya shigo asusun asibitin a bana, sannan su kai amsar gaban shugaban ƙaramar hukuma a rubuce.