Ƙuda Ya Fi Hannunka Sauri, Amma Bai Fi Bututun Masai Wayo Ba

Da zarar damina ta kankama aka fara jin labarin amai da gudawa a rediyo, sai kasuwar masu fiya-fiya ta buɗe. A Sahon Rami da sauran garuruwan ƙasar Kontagora za ka ji ana cewa ƙuda ne ya kawo cutar, don haka a yi feshi. Tsoron yana da dalili. A shekarar 2021 kaɗai, hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Jihar Neja na cikin jihohin da abin ya shafa. Sai dai an ɗauki zancen a baibai. Babbar hanyar kwalara ita ce ruwan sha da bahaya ya gurɓata. Ƙuda ɗan dako ne kawai, kuma ba a cin galabarsa da guba ko da mafici.

Dubi mahauci a bakin teburinsa. Yana kaɗa tsumma, ƙudaje su watse, kafin ya sauke hannu sun dawo kan tsoka. Kowane idon ƙuda ɗaya ya ƙunshi ƙananan idanu dubbai, shi ya sa yake ganin gaba da gefe da kusan bayansa a lokaci guda. Idon kuma yana rarrabe motsi da saurin da ya ninka namu kusan sau huɗu, saboda haka marin da kake ganin ka kai kamar walƙiya, shi a hankali yake ganin tahowarsa. A 2008 wasu masana biyu a jami'ar Caltech ta Amurka, Gwyneth Card da Michael Dickinson, sun ɗauki hoton ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace da kyamara mai tsananin sauri. Sun ga cewa cikin kusan kashi ɗaya bisa goma na sakan, ƙudan ya gane inda haɗari ya fito, ya gyara tsayuwar ƙafafunsa, sannan ya yi tsalle ta ɗaya ɓangaren.

A cikin ɗaki kuwa, wari ne ke shigo da shi, haske ne ke nuna masa hanyar fita. Shi ya sa yake ta karo da gilashin taga. Da dare sai ya lafe a kan igiyar shanya ko jikin rufi. Da ƙafafunsa yake ɗanɗana abinci, kuma da yake ba ya iya tauna, sai ya amayo miyau a kan tuwo ko fura ya narkar, sannan ya tsotsa. Ƙafar da ta taka bahaya ɗazu, ita ce a bakin kofin yaro yanzu. Idan da zafi da danshi, ƙwansa yakan zama cikakken ƙuda cikin kwana 7 zuwa 10. Ka fesa yau, mako mai zuwa sabbi sun fito daga juji, gubar kuma ta zauna a ɗakin da yara ke kwana. Ba a banza hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni barkatai a 2019 ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, mun taɓa sanin hanyar da ta fi wannan, a nan Arewa. A shekarun 1930, lokacin da ciwon barci ya addabi ƙasar Zazzau, ba a tsaya bin ƙudan tsando ɗaya bayan ɗaya ba. An lura cewa ba ya iya rayuwa sai a inuwar kurmin bakin rafi, sai aka sassare kurmin a yankin Anchau, aka haƙa rijiyoyi masu kariya, aka gina sabon gari aka raɗa masa suna Takalafiya. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore da ke Kaduna tana nan har gobe. Tarkon da ake kafa wa tsando a wuraren kiwo ma da halinsa aka yi shi: shuɗin yadi yana jawo shi daga nesa, baƙi yana sa shi sauka, in ya tashi sama neman haske sai ya faɗa cikin raga. Makiyayan ƙasar Kontagora da sammore ke cinye wa dukiya, su nawa aka taɓa nuna wa wannan tarko?

Irin wannan dabarar ce wani masani mai suna Peter Morgan ya yi wa ƙudan gida a shekarun 1970, a cibiyar bincike ta Blair da ke ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe. Ya gina masai mai rufi, cikinsa da ɗan duhu, ya kafa dogon bututu daga ramin zuwa saman rufin, ya ɗaure bakin bututun da raga. Iska tana fitar da wari ta bututun, sai ƙudan waje ya bi warin ya tarar da raga ta tare shi. Wanda aka ƙyanƙyashe a cikin ramin kuwa, hasken da yake gani shi ne na bakin bututu, sai ya hau, ya kasa fita, ya mutu a nan. Da aka gwada na tsawon kwana 78, an kama ƙuda 13,953 daga masai marar bututu, 146 kacal daga mai bututu. Hausawa sun ce ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Ga shi an tabbatar, da bututu ɗaya da guntun raga, kayan da duk magini ya san inda ake sayar da su.

Amfanin bai tsaya ga ciwon ciki ba. Ƙudan da ke taruwa a idon yara yana yaɗa ciwon amodari mai makantarwa, kuma a bahayar da aka yi a fili ya fi son yin ƙwai. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kawo ƙarshen bahaya a fili zuwa shekarar 2025. Jigawa ta cika nata tun 2022. Me ya hana Neja?

Shugabannin ƙananan hukumomi su daina jira sai an kwantar da mutane a asibiti sannan a raba magani a ɗauki hoto. A gina masai mai bututu a kasuwa da tasha da makarantun allo, a dawo da duba-gari bakin aikinsu. Hakimai da limamai su sa baki, don maganarsu ta fi ta kowa shiga. Kai kuma maigida, kuɗin fiya-fiyar da za ka kashe a daminar bana, ka tara ka sayi bututu da raga, ka rufe abinci, a tafasa ruwan sha.