Motar da Ba Ta Shan Mai

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, ya ratsa ƙasar Kabo, ya ga kwalaben 'yan bumburutu jere a bakin titi, kuma ya ji yadda direba da fasinja ke ja-in-ja a kan kuɗin mota tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, ba zai yi mamaki ba in ya tarar zancen motar lantarki ya shigo hirar dattawan gari. Galibin jama'a suna ɗaukarta bidi'ar wannan zamani, alhali kuwa ta girmi motar fetur.

Asalin al'amarin daga Faransa yake, inda a 1859 Gaston Planté ya ƙago batirin da in ya ƙare ake sake cika shi, sannan a 1881 Gustave Trouvé ya ɗora batir a kan keke mai ƙafa uku, tamkar kakan a-daidaita-sahu, ya tuƙa shi a titin Faris. A 1899 kuwa, motar farko da ta wuce gudun kilomita 100 a sa'a ta lantarki ce, wadda Camille Jenatzy, mutumin Beljiyam, ya tuƙa.

Amma da yake kowane abu da ajalinsa, sai ga Henry Ford na Amurka a 1908 da mota mai araha, ga fetur ya wadata, ga batirin darma mai nauyi da gajeren zango. Abin al'ajabi, lantarki ne ya ƙarasa karya 'yarsa, domin a 1912 aka sa wa motar fetur sitata, aka hutar da direba juya ƙarfe da hannu kafin inji ya tashi.

Farfaɗowar motar lantarki ta biyo bayan batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fito da shi kasuwa a 1991, irin wanda ke cikin wayar aljihunka. Daga nan Tesla ta fito da tata a 2008, Nissan a 2010, kamfanonin Sin irin su BYD suka cika kasuwa. Hikimarta ita ce ƙarancin kayan ciki: ba filogi, ba salansa, ba juyen baƙin mai, sai batir da injin da ke juya ƙafafu.

A ƙasarmu, an harhaɗa Hyundai Kona ta lantarki a Legas a 2020, a 2021 kuma, zamanin da Jelani Aliyu yake shugabantar hukumar ƙera motoci, aka buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. A Maiduguri ma Mustapha Gajibo yana cire wa ƙananan bas-bas inji, yana sa musu batir.

Mas'alar mutumin Kabo dai ita ce wuta, wadda ba ta da alkawari. Sai dai wanda ya tsaya a shagon mai cajin waya, ya ga faranti biyu na sola a kan kwano suna ciyar da wayoyin unguwa guda, ko ya ga manomin rani ya ajiye injin fetur ya koma na rana, ya san ta ƙofar da abin zai shigo. In Allah ya so, babur da a-daidaita-sahu ne za su riga babbar mota isowa, kuma mai cajin wayar nan shi ne zai fara sayar musu da wuta.