Buɗaɗɗiyar manhaja: Mai zane da mai fassara 'yan gida ne ko baƙi?

A watan Maris na 2025, fim ɗin zane mai suna Flow, wanda Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya ya shirya, ya lashe kyautar Oscar a rukunin finafinan zane. An haɗa shi ne da Blender, manhajar da kowa ke iya saukewa kyauta, ya leƙa cikinta, ya gyara ta yadda yake so. Irin wannan ita ake kira buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda ba a ɓoye rubutun umarnin da aka gina ta da shi ba. Nasarar fim ɗin ta shafi wata tsohuwar tambaya da masu wannan harka ba su gama amsawa ba: wanda bai iya rubuta umarnin kwamfuta ba, amma ya iya zane, ko fassara, ko rubuta littafin jagora, yana da gurbi a cikinsu?

Tambayar ta samo asali ne daga yadda tafiyar ta faro. Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a 1983, Linus Torvalds kuma ya fitar da Linux a 1991. Masu rubuta manhaja ne suka kafa gidan, don haka da mudunsu ake awo. A dandalin GitHub, inda aka fi ajiye irin waɗannan ayyuka, kowane mutum yana da jadawali mai korayen akwatuna da ke nuna ƙwazonsa. Abin da aka yi a cikin dandalin ne kawai ke bayyana a jadawalin. Wanda ya shafe mako guda yana koyar da sababbin shiga, ko ya shirya taro, ko ya zana tambari a wani wuri dabam, jadawalinsa na iya zama fari fat, kamar bai tsinana komai ba.

Hujjar masu ɗari-ɗari

Masu shakkar buɗe ƙofa ga kowa ba su rasa hujja ba. Ta farko ita ce, rubutun umarni yana da alƙali: a gwada shi, ko dai ya yi aiki ko ya ƙi. Launi da tambari kuwa ba su da irin wannan alƙali, kowa da abin da ya yi masa kyau, kuma gardama a kansu ba ta cika ƙarewa ba. Ta biyu ita ce nauyin da ke kan masu kula da manhajar, waɗanda da yawansu aikin sa-kai suke yi bayan sun tashi daga ofis. Duk abin da aka turo sai sun duba, sun amsa.

Abin da ya faru a watan Oktoba na 2020 ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. A lokacin gangamin Hacktoberfest, wanda kamfanin DigitalOcean ke shiryawa, ana ba da kyautar riga ga wanda ya aika gudummawa. Sai jama'a suka yi ta tura gyare-gyaren da ba su da amfani, kamar ƙara kalma ɗaya a shafin bayani, don kawai su samu rigar. Masu kula da manhajoji suka koka, har aka sauya ƙa'idojin gangamin cikin 'yan kwanaki.

Sai dai wannan misali yana nuna illar aikin da aka yi ba da gaske ba ne, kuma irinsa ana samunsa a rubutun umarni kamar yadda ake samu a rubutun bayani. Bai tabbatar da cewa zane ko fassara ba su da gurbi ba.

Abin da tarihi ya nuna

Tsuntsun nan mai suna Tux, wanda ya zama alamar Linux a duniya, Larry Ewing ne ya zana shi a 1996, da manhajar zane ta GIMP wadda ita ma buɗaɗɗiya ce. Mutane da dama da ba su taɓa ganin layi ɗaya na rubutun Linux ba sun san tsuntsun.

Labarin Blender ya fi wannan bayyana lamarin. A 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro 100,000 cikin makonni bakwai, aka fanso ta daga masu hannun jari, aka buɗe ta ga kowa. Wanda ya ƙirƙiro ta, Ton Roosendaal na ƙasar Holan, ya fito da wata dabara: a zaunar da masu zane da masu rubuta manhaja wuri guda su shirya fim. Duk inda mai zane ya cije, mai rubutu ya warware masa. Haka aka yi Elephants Dream a 2006, da Big Buck Bunny a 2008, da Sintel a 2010. Buƙatar zana gashin dabbobi a Big Buck Bunny ce ta sa aka inganta wannan ɓangare na manhajar. A nan masu zane ne suka nuna wa manhajar alƙibla.

Su kansu masu rubuta manhaja sun amsa cewa akwai giɓi. A binciken da GitHub ya gudanar a 2017, kashi 93 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce sun ci karo da bayanan jagora da ba su cika ba ko suka tsufa. Kashi 60 cikin 100 na masu ba da gudummawa kuma sun ce da wuya su taɓa wannan aikin, ko ma ba sa yin sa sam.

Inda ya shafi ma'aikacin gwamnati

Wannan muhawara ba ta tsaya a Turai da Amurka ba, domin hukumomin Najeriya na aiki da irin waɗannan manhajoji. DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar gina ta, ita ce ake tattara alƙaluman lafiya na ƙasa da ita. SORMAS kuma ta samo asali ne bayan ɓullar cutar Ebola a 2014, ta haɗin gwiwar masana daga Jamus da Najeriya, kuma Hukumar NCDC ta yi amfani da ita wajen bibiyar zazzaɓin Lassa da korona.

Ma'aikaciyar da ke shigar da bayanai a ƙaramin asibiti ba ta ganin rubutun umarni. Abin da ke gabanta shi ne maɓalli, da kalmar da aka rubuta a kansa, da littafin da aka ba ta a wurin horo. Idan kalmar ta rikita ta, adadin da zai iso Abuja gurguntacce ne, kuma da shi za a tsara rabon magani da kasafin kuɗi.

Haka batun haruffa. Hausa na buƙatar ɓ da ɗ da ƙ, kuma idan zubin haruffan da ke cikin manhaja bai ɗauke su ba, sai ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa. Zubin haruffa irin su Andika da Charis, waɗanda ƙungiyar SIL ta fitar a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, aikin masu zanen haruffa ne. Shirin Common Voice na Mozilla, da aka fara a 2017, muryoyin masu sa-kai yake tattarawa don koya wa kwamfuta jin magana, kuma Hausa na cikin harsunansa. Gudummawar a nan murya ce kawai.

Abin da ya rage

Wasu al'ummomin sun riga sun fara gyara mudunsu. Drupal ta kafa tsarin da ke rubuta sunan duk wanda ya taimaka a kan wani aiki, har da mai gwaji da mai shirya taro. Tsarin All Contributors yana jera mai zane da mai fassara tare da mai rubuta umarni a shafi guda. A 2019 Google ya fara shirin Season of Docs don haɗa marubutan jagora da buɗaɗɗun manhajoji. A gida kuma, ƙungiyar Open Source Community Africa ta yi babban taronta na farko a Legas a watan Fabrairun 2020.

Darasin da ke cikin waɗannan shi ne a buɗe ƙofa tare da ƙa'ida. A bayyana irin aikin da ake buƙata, a naɗa wanda zai yanke hukunci kan zane kamar yadda ake da mai yanke hukunci kan rubutun umarni, a fayyace lasisin da aikin zai fita da shi, sannan a rubuta sunan mai shi.

Ga jami'an da ke tsara takardun kwangila da masu ba ministoci shawara, maganar ta kuɗi ce. Idan hukuma ta ɗauki buɗaɗɗiyar manhaja saboda babu kuɗin lasisi, ya kamata kasafin ya ware layi don fassara, da littafin jagora, da gwaji tare da ma'aikatan da za su yi aiki da ita. Ya kamata kuma a sharɗanta cewa abin da aka fassara ko aka zana da kuɗin jama'a za a mayar da shi ga al'ummar manhajar, yadda wata jiha, ko maƙwabciya irin Nijar, za ta same shi ba tare da an sake biya ba.