Babi Na Uku

A hutun da ya wuce 'yar ƙanena ta sauka gidanmu a unguwar Yara da jaka cike da takardu. Tana ajin ƙarshe a wata jami'a, furojet ya sha mata kai. Babi na ɗaya da na biyu sun kammala, na uku ne ya tsaya mata a maƙoshi, wato babin da ake bayanin hanyar da aka bi wajen bincike. Ta ce, "Baffa, wannan babin ai kowa aro yake yi, sunan gari kawai ake canzawa." Na tambaye ta me take son sani. Ta ce so take ta nuna ruwan rijiya ne ke sa wa ƙananan yara gudawa. Na ce, "To 'yata, in kika tarar ba shi ba ne fa?" Ta yi dariya, ta ce ai kowa ya sani.

Tun da aka kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a nan Keffi, zamanin gwamna Abdullahi Adamu, kalmar bincike ta zama ruwan dare a garin nan. Har mai shagon buga takardu ya san babi nawa ne a kundin digiri. Amma kaɗan ne ke tsayawa su tambayi amfanin babin nan na uku, alhali bai kamata ya zame mana baƙo ba. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta: wa ya gaya maka, shi kuma daga wa ya ji, sun taɓa haɗuwa kuwa, yaya haddarsa take? Babi na uku isnadin mai bincike ne. A nan yake shimfiɗa sawunsa a fili, don wanda bai yarda da shi ba ya taka wannan sawu ya ga ko zai isa inda ya isa.

Misalin da na ba ta daga ƙasar Hausa yake. Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma tana Jigawa. Akwai wata babbar tambaya a gabansu, kuma ba su san amsarta ba: idan aka haɗa feshin ɗakuna da raba magani ga kowa da kowa, za a iya katse yaɗuwar cutar a irin wannan ƙasa tamu?

Abin sha'awa shi ne ba su fara da feshi ba. Sun shafe fiye da shekara suna ƙirga kawai. Suna ɗibar jinin mutanen ƙauyuka duk bayan mako 10 suna dubawa, suna kama sauro suna lissafawa, rani da damina, don su san yadda abin yake kafin su taɓa shi. Sannan suka raba ƙauyukan. Wasu aka yi musu feshi da wani magani mai suna propoxur, wasu aka haɗa musu feshi da ƙwayoyi, wasu kuma aka bar su ba feshi don a riƙa kwatantawa da su. Waɗannan na ƙarshe su ne ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. An yi feshin a daminar 1972 da ta 1973, kuma duk wanda ya manyanta ya san shekarun fari ne a Arewa. Da sauro ya ragu saboda ƙarancin ruwa, ba tare da ƙauyukan kwatance ba, da sai a yaba wa feshi aikin da fari ya yi.

Sakamakon bai yi wa masu aikin daɗi ba. Cutar ta ragu ƙwarai a inda aka haɗa feshi da ƙwayoyi, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani sashe na sauron ba ya hutawa a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake fita, don haka feshin bai same shi ba. Ba su ɓoye ba, ba su gyara lissafi don ya yi kyau ba. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia suka fitar da littafi a 1980 da bayanin komai dalla-dalla, kuma har yau masana na komawa ga alƙaluman Garki. A ganina, da sun rubuta cewa sun ci nasara, da tuni an manta da su.

Sai muka dawo kan rijiyoyinta. Na ce zato ne take da shi, kuma zato ba laifi ba ne, da shi ake farawa. Laifin shi ne a ɗaura masa rawani tun kafin a gwada shi. Idan gidajen masu rijiya kaɗai ta shiga, da wa za ta kwatanta? Dole ta shiga gidajen masu shan ruwan burtsatse da masu sayen na leda. Kuma ba gidajen ƙawayen mamanta za ta zaɓa ba don sun fi saurin ba ta tabarma; ta jera gidajen layin, ta yi ƙuri'a. Ko ta tarar gudawar ta fi yawa a gidajen masu rijiya, da sauran aiki. Wataƙila rijiyar lafiya lau take, randar da ake zuba ruwan ce ba ta da murfi, ko kuma moɗar da kowa ke tsomawa. Wataƙila masai ne ya yi kusa da rijiya a wasu gidajen. Hatta yadda ake tambaya yana juya amsa. Wanda ya ce wa uwa, "Ruwan nan ne ke sa wa yaronki ciwo ko?" ya riga ya sa mata magana a baki, don kunyar baƙo kaɗai za ta ce e. A tambaye ta sau nawa yaron ya yi gudawa cikin mako biyun da suka wuce, sannan daga baya a tambayi inda suke ɗebo ruwa.

Masu karatun tarihi da adabi kada su ɗauka wannan magana ta 'yan kimiyya ce kawai. Ga misali nan a ƙofar gidanmu. A watan Oktoba na 1902 Magaji Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a Keffi, ya kashe wani Bature, Kyaftin Moloney, ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi, Lugard, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, kuma ya sa wannan cikin hujjojinsa na afka wa Kano a watan Fabrairu na 1903. Rahotannin Turawa sun kira abin kisan gilla, a bakin mutane da yawa a nan kuwa Magaji jarumi ne, akwai kuma ruwayar da ta ɗora laifin a kan tafintan Moloney, Audu Timtim. Ɗalibin da ya je ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna ya kwafo rahoton Bature ya dawo bai gama ba, haka ma wanda ya zauna gaban dattijo ɗaya ya rubuta duk abin da ya ji. Kowace ruwaya sai an tambaye ta: wa ya faɗa, yaushe, yana wurin ko labari ya ji, kuma me zai samu idan an yarda da shi?

'Yar ƙanen nawa ta koma makaranta da babi na uku mai shafi huɗu kacal, amma kowane layi abin da za ta yi ne da ƙafarta. Ku kuma malamai masu duba kundi, roƙona gare ku: idan ɗalibi ya kawo sakamakon da ya saɓa wa zatonsa na farko, ku duba hanyar da ya bi, in ta inganta ku sa masa hannu.