An Kore Ka Saboda Ba Ka Tambayi Katin Shaida Ba? Ga Yadda Ake Sake Samun Aiki a Birtaniya

Idan kana bibiyar 'yan'uwanmu da suka tafi Birtaniya karatu a TikTok da Instagram, ka san irin abin da ake ɗorawa: dusar ƙanƙara, jar bas mai hawa biyu, rigar sanyi har gwiwa, da bidiyon yadda ake wuni a can. Abin da ba kasafai ake ɗorawa ba shi ne ranar da manaja ya kira mutum ofis ya miƙa masa takardar sallama. Cikin abubuwan da ke jawo wa masu aikin kanti wannan takarda kuwa, akwai wanda mu a nan gida ba ma ɗaukarsa laifi ko kaɗan: ka sayar wa wani kaya ba tare da ka nemi shaidar shekarunsa ba.

Ko kana can yanzu, ko kana haɗa takardun tafiya, ko kina da yaya ko ƙane da ke aiki a wani kanti a Landan ko Manchesta, maganar nan ta shafe ku. Kora irin wannan tana da zafi, amma ba ta bin mutum yadda tsoro ke raya masa. Abin da ya fi jefa mutane cikin matsala shi ne abin da suke yi bayanta saboda ruɗewa.

Me ya sa abin ya yi tsanani haka?

Mu mun tashi muna ganin ana aiken yaro ɗan shekara takwas ya sayo wa babba sigari a shagon unguwa, mai shago ya miƙa masa ba tare da ya ɗaga kai ba. Alhali dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Dokar tana nan a takarda, aiki da ita ne ya yi ƙaranci. To a Birtaniya ana aiki da ita, kuma wanda ke tsaye a wajen karɓar kuɗi shi ne farkon wanda ake kamawa.

A Ingila da Wales, dokar lasisi ta 2003 ta haramta sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 barasa. A 2007 aka ɗaga shekarun sayen taba daga 16 zuwa 18, a 2015 aka haramta sayar wa yara sigarin lantarki, a 2021 kuma tikitin cacar ƙasa ya koma 18. Wuƙa ma tana ciki. Don haka ko ka roƙi manaja ya raba ka da ɓangaren giya saboda addininka, ba ka tsira ba tukuna. Wuƙar yanka albasa kaɗai ta isa.

Saboda gane shekarun mutum a fuska abu ne mai wuya, kantuna suna bin wani tsari da ake kira Challenge 25. Ma'anarsa, duk wanda ka ga kamar bai kai 25 ba, ka nemi shaida: fasfo, lasin tuƙi mai hoto, ko kati mai tambarin PASS. A Scotland doka ce ma ta wajabta wannan tun 2011. Kantin da aka kama yana yawan sayar wa yara barasa yana iya rasa lasisinsa na wani lokaci, shi ya sa kamfanoni ba sa wasa da batun.

Mu kuma akwai abin da ke ƙara mana wahala, wato kunya. An tarbiyyantar da mu cewa tsare mutum da tambaya rashin ladabi ne. Ga layi ya yi tsawo, ga mai gemu yana hararar ka, ga fuskokin da ba ka saba ƙiyasta shekarunsu ba. Sai hannu ya danna maɓallin amincewa kafin kai ya yi tunani.

Gwaji iri biyu ne, ka san wanda ka faɗi

Kafin ka fara tunanin sabon aiki, ka tabbatar da abu ɗaya: wane ne ya gwada ka?

Na farko shi ne gwajin hukuma. 'Yan sanda ko jami'an kula da ka'idojin ciniki na ƙaramar hukuma sukan turo yaro wanda da gaske bai kai 18 ba ya gwada saye. Idan ka sayar masa, ka karya doka. A kan barasa ana iya cin ka tarar nan take ta fam 90 a Ingila da Wales, ko a yi maka gargaɗi a rubuce, ko a kai ka kotu.

Na biyu shi ne gwajin kamfani. Kanti yana ɗaukar wani kamfani ya riƙa turo matasa 'yan shekara 18 ko 19 su zo a matsayin masu saye, don a ga ko za ka nemi kati. Idan ba ka nema ba, ka saɓa ƙa'idar wurin aikinka, amma ba ka yi laifi a idon doka ba, tunda wanda ka sayar wa ya kai shekarun. Mutane da yawa ba su san wannan bambanci ba, sai su yi ta yawo da fargabar cewa sunansu ya shiga kundin 'yan sanda, alhali magana ce tsakaninsu da manaja kawai.

Kwanakin farko: kar ka ɗauki waya tukuna

Na san abin da zuciya ke so a ranar: a hau Facebook ko X a zazzage wa kamfanin kwandon zagi. Don Allah ka haƙura. Mai ɗaukar aiki na gaba yana iya laluba sunanka a intanet, kuma rubutun da ka yi cikin fushi zai fi korar kanta yi maka illa.

Abin da ya fi shi ne ka karanta takardar sallamar da kyau. Me aka rubuta a matsayin dalili? Saɓa ƙa'ida ne, ko babban laifi wanda ake kora nan take? Idan babban laifi ne, ba a biyan kuɗin wa'adin sallama, amma albashin kwanakin da ka yi aiki da kuɗin hutun da ka tara ba ka ci ba haƙƙinka ne, dole a biya ka.

Sai ka duba damar ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin. Ƙa'idar hukumar ACAS, wadda ke sasanta rigimar ma'aikata da iyayen gidansu a Ingila da Scotland da Wales, ta ce a yi bincike, a sanar da kai zargin a rubuce, a saurare ka, a kuma ba ka damar ƙalubalantar hukuncin. Kana da ikon zuwa zaman da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, irin su USDAW ta ma'aikatan kantuna. Wa'adin gajere ne, sau da yawa kwana biyar na aiki, don haka kar ka yi sanya. Tambayi kanka: an horar da kai yadda ya kamata? An yi maka gargaɗi a baya? Wasu da suka faɗi irin wannan gwaji, kora aka yi musu ko ja musu kunne? Ko ba a mayar da kai ba, wannan zama dama ce ta neman a amince a rubuce kan abin da za a faɗa wa duk wanda ya nemi shaida a kanka.

Zuwa kotun ƙwadago kan korar rashin adalci kuwa, tun 2012 sharaɗin shi ne ka yi shekara biyu a wurin, abin da yawancin ɗalibai ba su kai ba. Sabuwar dokar ƙwadago da aka yi a ƙarshen 2025 za ta rage wannan wa'adi, don haka ka duba shafin ACAS ka ga abin da ke aiki a ranar da aka sallame ka. Idan kuma kana da hujjar cewa launin fata ko addini ne ya sa aka bambanta ka da wasu, dokar daidaito ta 2010 ba ta buƙatar ka yi wasu shekaru. ACAS da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, haka ma ƙungiyar ɗalibai ta jami'arka.

Me zai biyo ka, me ba zai biyo ka ba

Nan ne tsoro ya fi yawa, nan ne kuma labari ya fi daɗi.

Takardar P45 da tsohon wurin aiki zai ba ka ta haraji ce. Tana nuna abin da ka samu, harajin da aka cire, da ranar barin aiki. Ba ta faɗin dalili.

Binciken DBS yana duba tarihin laifi ne a wajen hukuma, ba rigimar ma'aikaci da manaja ba. Kora saboda gwajin kamfani ba ta fitowa a ciki. Tarar nan take ma ba hukuncin kotu ba ce, ba ta fitowa a binciken matakin farko. Amma gargaɗin 'yan sanda ko hukuncin kotu wani abu ne daban, idan naka ya kai can, nemi shawarar lauya ko masu ba da shawara kan biza.

Shaidar tsohon wurin aiki ita ce abin lura. A mafi yawan ayyuka doka ba ta tilasta wa kamfani ya ba da ita ba, amma idan ya bayar dole ta zama gaskiya kuma da adalci. Yana iya faɗin cewa korar ka aka yi. Sai dai manyan kamfanoni da yawa suna taƙaitawa ne ga sunan muƙami da ranar farawa da ranar gamawa. Maimakon ka zauna kana zullumi, aika wa sashen kula da ma'aikata imel ka tambaye su abin da suke rubutawa.

Batun biza fa? Idan bizar ɗalibi gare ka, jami'a ce ta tsaya maka ba kanti ba, don haka rasa aikin wucin gadi ba ya taɓa zamanka. Wanda kamfani ya ɗauki nauyin bizarsa ta aiki shi ne ke cikin gaggawa, domin yawanci kwana 60 ake ba shi ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar.

Tambayar da kake gudu

A takardar CV ba a rubuta dalilin barin aiki, kuma ba dole ba ne ka jera kowane ɗan aiki da ka taɓa yi. Idan ba a tambaye ka ba, ba sai ka kai ƙarar kanka ba. Amma idan fom ya tambaya kai tsaye ko an taɓa korar ka, ko aka yi maka tambayar a intabiyu, faɗi gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da aka gano, ko bayan wata shida ne, ana iya sake korar ka, wannan karon bisa rashin amana. Mai kanti yana iya yafe wa wanda ya manta neman kati. Wanda ya yi masa ƙarya kuwa, ba zai bar shi kusa da akwatin kuɗi ba.

Amsar ta zama gajera, jimla uku sun isa. Abin da ya faru, ɗaukar alhaki, da abin da ya sauya. Misali: "Na faɗi gwajin tantance shekaru a wurin da na baro, kuma ƙa'idarsu kora ce. Alhakin yana kaina. Yanzu duk wanda na yi shakka a kansa sai na ga kati, komai tsawon layi." Daga nan ka yi shiru. Kar ka zagi tsohon manaja, kar ka shiga labarin yadda aka tsane ka. Ka maimaita amsar nan a gaban madubi ko da abokin ɗakinka har ta daina sa muryarka rawa.

Sannan ka tanadi wasu masu shaida: malaminka na jami'a, wani tsohon wurin aiki, ko inda ka yi aikin sa-kai. Shagunan ƙungiyoyin agaji da wuraren raba abinci kullum suna neman hannu, kuma 'yan makonni a can suna samar maka sabon mutum da zai ce ya san aikinka.

Ina za ka nufa, ina za ka kauce wa

Ayyukan da ba su da alaƙa da tantance shekaru sun fi saurin buɗewa: sito, shirya kaya a kanta da dare, shara da goge-goge, taimakon masu girki, da ayyukan cikin jami'a. Kamfanonin da ke samar wa wasu ma'aikata na wucin gadi ma ƙofa ce mai sauƙi. Aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, wanda 'yan Najeriya da yawa ke yi, yana neman cikakken tarihin aiki da bincike mai zurfi, don haka a can kar ka tsallake komai. Komawa kanti ma ba a rufe take ba, kuma wanda ya taɓa ƙonewa ya fi kowa sanin zafin wuta.

Ga inda haɗarin gaske yake. Kuɗin haya ya matso, gida ana jiran ɗan abin da ka saba turowa, sai wani ya ce zo ka yi aikin kuɗi a hannu, ko ka ari asusunsa na manhajar kai abinci. Kar ka yarda. Bizar ɗalibin digiri ta ba ka awa 20 a mako lokacin zangon karatu, kuma ta hana aikin cin gashin kai, wanda yawancin masu kai abinci a ƙarƙashinsa suke. Korar kanti ba ta taɓa bizarka ba, amma wannan zai iya soke ta gaba ɗaya. Ka ga an gudu ba a tsira ba ke nan. Idan aljihu ya yi zafi, je ofishin tallafa wa ɗalibai na jami'arka ka tambayi irin agajin da suke da shi, ka kuma faɗa wa na gida halin da ake ciki. Wata biyu ba aike ya fi dawowa ba digiri.

Kai kuma da har yanzu kake kan aiki, gemun ɗan'uwanka ne ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa. Neman kati ba ya ɗaukar minti ɗaya, kuma ƙa'idar kantinka tana bayanka idan ka ƙi sayarwa. Mai saye zai yi tsaki ya wuce, gobe ma ya manta fuskarka. Tura wa wanda ka san yana aikin kanti a can wannan rubutu kafin ya shiga aikinsa na gaba.