Jijiya Mai Rassa Uku: Ciwon Fuskar Da Ake Zaton Na Haƙori Ne

'Yan'uwa, jijiyoyi 12 ne, bibbiyu, ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Ta biyar ita ce mafi girma. Likitoci suna kiranta tirajeminal, wato mai rassa uku, kuma dama da hagu na fuska kowanne da tasa.

Reshen farko yana ɗauko ji daga goshi, fatar ido da ƙwayar ido. Shi ke sanar da ƙwaƙwalwa in ƙura ta faɗa ido, har mu ƙifta. Na biyu yana kula da kunci, gefen hanci, leɓen sama da haƙoran sama. Na uku yana sauka zuwa haɓa, leɓen ƙasa, haƙoran ƙasa da gaban harshe, kuma shi ke motsa naman da muke tauna tuwo da shi.

Wani lokaci jijiyar jini takan danne ta a inda ta fito daga ƙwaƙwalwa. Sai mutum ya ji zafi kamar wutar lantarki ta ja shi a gefe ɗaya na fuska, na 'yan daƙiƙoƙi zuwa minti 2, ya lafa, ya sake dawowa. Asuwaki, wanke fuska, magana, ko iskar hunturu a kan babur daga Gwaram zuwa Birnin Kudu sun isa su tayar da shi. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, musamman mata. Wani likita a Landan, John Fothergill, ya bayyana shi tun 1773.

Da yake jijiyar ta kai har haƙora, wasu kan cire lafiyayyen haƙori, ciwon kuwa yana nan. Wasu su ce jifa ne, a fara zargin maƙwabta ko surukai. Wasu su daina cin abinci don tsoron tauna, har su rame.

Farasitamol ba ya yi wa wannan ciwon komai. Akwai maganin da ake kira carbamazepine, amma likita ne zai rubuta shi, yana lura da mai sha. In bai yi ba, akwai tiyata.

Saboda haka, in wata mama a ikilisiya tana riƙe kunci tana gudun wanke fuska, mu yi mata addu'a, mu kuma raka ta Asibitin Tarayya na Birnin Kudu kafin a taɓa mata haƙori.